Wane daɗi ke cikin horar da ƙungiyar da kowa ya raina?

Tambayar ta fito daga wani matashin malamin lakwal a nan Damagaram. Yaran unguwarsu ne suka roƙe shi ya riƙe musu ƙungiyar ƙwallo don gasar babban hutu. Ƙungiyar ba ta taɓa wuce zagayen farko ba, ba ta da mai ɗaukar nauyi, ko rigunan wasa aro suke yi, abokansa na fada kuma suna ce masa wahala zai saya da kuɗinsa. Shi ne yake tambaya: in babu albashi babu kofi, wane daɗi mai horaswa ke ji a wannan aiki? Kuma da gaske ƙaramar ƙungiya na iya kayar da manya, ko sa'a ce kawai?

Ƙanena, ka karɓa. Na daɗe ina horar da yara a filayen garin nan, mafi yawansu irin naka ne, kuma ban san wani aiki a harkar wasa da ya kai wannan sanyaya zuciya ba. Sai dai daɗin ba ya inda mutane ke zato.

Mutane na ɗauka daɗin shi ne ka kunyata waɗanda suka raina ka. Akwai wannan, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da yaranka suka fitar da ƙungiyar da gari ya riga ya ba wa kofi, ƴan kabu-kabu za su raka ku da ham har ƙofar gida, wanda bai taɓa leƙo filin atisaye ba zai rantse tun farko ya san za a yi haka, kowa ka gamu da shi sai ya ce maka ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan daɗi na unguwa ne baki ɗaya, kuma kwanansa ɗaya ko biyu. Na mai horaswa daban ne, kuma kusan ba wanda ke ganinsa sai shi. Ka ɗauki yaron da ke tsaron bayan hagu, wanda duk inda ƙwallo ta yi nan yake bi, ya bar gurbinsa wayam. Ka yi makonni kana tsayar da wasa kana mayar da shi wurinsa, kana ce masa ya waiga ya ga inda ƴan uwansa uku suke kafin ya motsa. Ran wasa, ana saura minti goma a tashi, kuna da ci ɗaya, ƙafafunsa sun yi nauyi, filin ya cika da ihu. Sai ka ga ya waiga, ya taka gaba taki biyu tare da sauran, ɗan wasan gaban abokan hamayya ya faɗa satar gida, mataimakin alƙali ya ɗaga tuta. Ba wanda zai tafa masa. Kai kaɗai ka san yawan yammacin da aka kashe kafin wannan waiwaye ya zama ɗabi'arsa. Mamaki na ƴan kallo ne. Abin da ke cika zuciyar mai horaswa shi ne ya ga abin da ya hango a jikin yaro, lokacin da ba wanda ya hango, ya fito fili a gaban jama'a a daidai lokacin da ya fi wuya.

Shi ya sa nake cewa ƙungiyar da aka raina ta fi daɗin riƙewa. Wanda aka ba gwanaye goma sha ɗaya, in ya ci sai a ce ai dole, shi kansa ba zai iya rarrabe aikinsa da baiwar yaransa ba. Kai kuwa duk ɗan ci gaban da aka samu ka san daga inda ya fito.

Yanzu batun sa'a. Ƙwallon ƙafa wasa ne da cinsa ke da ƙaranci. Wasa guda na minti 90 galibi ci biyu ne ko uku gaba ɗaya, wani lokaci ma babu ko ɗaya. A ƙwallon kwando, inda ake jefawa sau da dama, wanda ya fi ƙarfi kusan kullum shi ke nasara, domin yawan jifa na shafe kuskure. A namu wasan ƙungiya na iya kai hari ashirin ta tashi hannu wofi, abokiyar karawarta ta kai biyu ta ci ɗaya. Wannan ita ce ƙofar da ƙarami ke shiga. Sa'a na da rabonta, amma ba ta samun wanda aka riga aka zura wa uku kafin hutun rabin lokaci. Aikinka shi ne ka tsare wasan a ɗaure har lokacin da dama ɗaya za ta yi amfani, kuma ka shirya abin da za a yi da damar in ta zo.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, an haɗa Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, rukuni ɗaya da Masar, Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar a lokacin ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Afirka ta Kudu ba ta jima da karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ba. Nijar ba ta taɓa zuwa gasar ba ko sau ɗaya. A watan Oktoba na 2010, a filin Seyni Kountché na Yamai, Moussa Maazou ya ci Masar ɗaya, aka tashi a haka. Mena ta ci duk wasanninta uku na gida: Masar 1-0, Saliyo 3-1, Afirka ta Kudu 2-1. Ta kuma sha kashi a duk ukun da ta buga a waje. Ka duba da kyau, ƙungiya ce da aka ci ta fiye da yadda ta ci, ƙwallo 6 ta zura, aka zura mata 8, amma ita ta zo ta ɗaya. Harouna Doula, ɗan ƙasa, shi ne mai horaswa. Ya san bai da ƴan wasan da za su je Alƙahira su mamaye Masar, amma ya san abin da zafin Yamai da ihun gida ke yi wa baƙo, sai ya tattara ƙarfinsa inda zai yi amfani.

Yadda rukunin ya ƙare ma darasi ne da nake so ka riƙe. Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo duk sun tashi da maki 9. A wasan ƙarshe, Afirka ta Kudu ta ji ana cin Nijar a Masar, sai ta lallaɓa wasanta da Saliyo ya tashi babu ci, ƴan wasanta suka yi ta rawa a fili suna zaton yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Dokar gasar kuwa ta ce sakamakon karawar da masu maki ɗaya suka yi tsakaninsu ake dubawa, a nan Nijar na da 6, sauran biyun 5-5. Babbar ƙasa mai kuɗi da ma'aikata ta zauna gida saboda ba a karanta takarda ba. Ranar da za a raba muku dokokin gasar hutu, ka karɓi taka ka karanta ta layi-layi: yadda ake raba masu maki ɗaya, katin gargaɗi nawa ke hana yaro wasa, mutum nawa ake canzawa, awa nawa ake da su don shigar da ƙara.

In ka duba sauran ƙungiyoyin da suka ba duniya mamaki, za ka ga hanyarsu kusan ɗaya ce. Girka a gasar Turai ta 2004, ƙarƙashin Otto Rehhagel, ta ci Faransa, ta ci Jamhuriyar Cek, ta ci Fotugal mai masaukin baƙi a wasan ƙarshe, dukkansu 1-0, dukkan ƙwallayen da ka, biyun ƙarshe daga bugun kusurwa. Maroko a gasar duniya ta 2022, wadda Walid Regragui ya karɓa ana saura ƙasa da wata uku a fara, ta kai wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarta, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida. Leicester City ta ɗauki kofin Ingila a 2016 da maki 81, sau uku kawai aka ci ta a wasa 38, alhali tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin riƙe ƙwallo. Ta bar wa manya ƙwallo suna juyawa, N'Golo Kanté na ƙwacewa, Riyad Mahrez da Jamie Vardy na rugawa. Vardy kuwa har zuwa 2012 a ƙananan ƙungiyoyin da ba su shiga rukunan ƙwararru huɗu na Ingila ba yake wasa.

To mu dawo filin ƙasa na Damagaram. Abu na farko, ka daina tunanin yaranka za su yi wasan da suke gani a gidan kallon ƙwallo. Filinmu yashi ne a wani gefe, tsakuwa a wani, ƙwallo ba ta tafiya yadda aka aike ta. Mai tsaron bayan da zai tsaya yana ƴan gajerun miƙe-miƙe a bakin ragarsa, rami ɗaya zai ja muku ci. Ka fara da baya. Mutum huɗu su koyi tafiya tare, gaba tare baya tare, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce taki goma zuwa goma sha biyu. Na kan ɗaure su da igiya mai tsawo a ƙugu a makon farko, in ɗaya ya ruga shi kaɗai sai sauran su ji an fizge su. Suna dariya, amma jikinsu na koyo. Gabansu ka sa yaro mai huhu da haƙuri, wanda ba ya jin haushin a ce bai taɓa ci ba. Irin wannan yaro yana kowace unguwa, yawanci shi ne wanda ba a zaɓa da wuri in ana raba ƴan wasa, kuma gano shi na cikin manyan daɗin aikin nan.

Abu na biyu, ƙwallon da aka ajiye: kusurwa, bugun tazara, jifa. Nan ne kaɗai wurin da baiwar abokin hamayya ba ta hana ka shirya abin da kake so, domin wasa a tsaye yake, kai ke da lokaci. Ka ware sulusin kowane atisaye don wannan. Salo biyu na kusurwa sun isa, ɗaya zuwa turken kusa ɗaya zuwa na nesa, kowane yaro ya san inda zai tsaya da inda zai ruga, da wanda zai rage a baya don kada a juyo muku. Ka tuna babu satar gida a jifa. In kana da yaro mai dogon jifa, duk ƙwallon da ta fita kusa da gidansu ta zama kusurwa. Ka kuma koya musu bugun fenariti tun makon farko, ka san mutum biyar ɗinka da jerinsu, domin a zagayen sili-ɗaya-ƙwale ƙaramin da ya riƙe canjaras ya riga ya yi rabin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku shi ne numfashi. Ƙungiyoyin unguwa masu gwanaye sukan raina gudu, suna dogara da ƙafa. Minti ashirin na ƙarshe nan suke zubewa. Kada ka sa yara zagaye fili kamar masu horon soja, za su gudu su bar ka. Ka sa su wasan mutum huɗu da huɗu a ƙaramin wuri, minti uku ko huɗu da ƙarfi, a huta, a sake. Suna jin wasa suke, alhali gudun da suka yi ya fi na zagayen.

Amma duk wannan shi ne mai sauƙin. Babban hutu a nan yana faɗowa cikin damina. Rabin yaranka da safe suna gona, wani yana shagon ɗinki ko garejin ubangidansa, wani yana tura ruwa, wani bai karya ba sai da ragowar tuwon jiya. Yaron da ya wuni yana noma ba za ka auna shi da ma'aunin wanda ya wuni a inuwa ba. Dole ka san gidan kowa. Ka je ka durƙusa ka gai da mahaifinsa, ka ce: "Baba, na zo roƙon arziki ne. Ina so a ba ni aron yaron nan bayan la'asar, in an kira magariba ni da kaina zan sallamo shi." In ka cika wannan alkawari mako biyu a jere, uban da ke cewa ƙwallo shashanci ce shi zai riƙa tambayarka yaushe ne wasa. Wani dattijo ya taɓa ce mini: "Malam, ni ban san ƙwallo ba, amma tunda ka riƙe shi ya daina kwana a waje." Har yau ban karɓi kofin da ya kai wannan magana nauyi ba.

Ka sani kuma raini a garin nan ba a kan ƙwallo kawai yake ba. Akwai ƙungiyar da tun kafin ta taɓa ƙwallo an yanke mata hukunci saboda sunan unguwarta, a ce ai ƴan Kara-Kara ne ko ƴan Garin Malam, faɗa za su yi. Akwai wadda ta zo daga Mirya ko Matamai ko Magarya a ce ƴan ƙauye. Yaran na jin wannan, wasu ma sun yarda da shi, kuma shi ne babban abokin hamayyarka. Ranar da aka yi musu rashin adalci a fili, alƙali ya hana su fenariti bayyananne, suka haɗiye suka ci gaba da wasa har aka tashi suka miƙa hannu, ranar ka karya zaton mutane fiye da yadda ci uku zai karya shi. Ni a wurina wannan ma nasara ce a kan hasashe, kuma ta fi wahalar samu.

Abu biyu ne nake roƙonka ka guje musu, domin suna kashe daɗin tun daga saiwa. Kada ka sa ƙato cikin gasar yara da takardar ƙanensa, kada kuma ka ɗauko sojan haya daga wata unguwa ran wasan ƙarshe ka ajiye yaron da ya sha rana da kai. In ka ci da haka, kai ka san ba aikinka ne ya ci ba, yaran ma sun sani. Na biyu, kada ka bar kuɗin da aka tara don ruwa da magani ya tafi wurin mai binne laya a bakin raga. A yi addu'a tare kafin a shiga, wannan namu ne. Amma yaron da aka koya wa cewa nasara a ƙulli take, ran da aka ci shi ba zai tambayi kansa inda ya tsaya ba daidai ba.

Akwai kuma farashi, gara ka ji shi tun yanzu. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Harouna Doula gwarzon mai horaswa na 2011. Makonni kaɗan bayan haka, a gasar da shi ya kai ƙasar, Gabon ta ci Mena 2-0 a wasan farko, sai aka karɓe ragamar aka miƙa wa Bafaranshe Rolland Courbis da aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Claudio Ranieri, mai horar da Leicester, wata tara bayan ya ɗauki kofi da ita, aka sallame shi a Fabrairun 2017. Kai ma naka na tafe daidai girmanka. Da zarar kun yi abin mamaki, masu kuɗi za su zo su ɗauke yara biyu ko uku da suka fi fice, wani mai hali a unguwa zai sayo riguna ya fara faɗa maka wanda za ka sa, shekara mai zuwa kuma in kuka tsaya a kusa da na ƙarshe sai a ce kun gaza. Wanda ya shiga don yabo a nan yake ajiyewa. Abin da ya burge ni da Doula shi ne bai ajiye ba. A gasar ƴan wasan cikin gida ta Afirka da aka buga a Aljeriya farkon 2023, ya sake fitowa da Mena, ta ci Kamaru 1-0, ta ci Ghana 2-0, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Mutumin da ya yi abu sau biyu tsakanin shekara fiye da goma, da yara daban, ba za a ce sa'a ce ba.

Game da yaran da za a ɗauke, kada ka tare musu hanya. Ka bincika inda za su, ka zauna da iyayensu, ka tabbatar ba za a raba su da karatu ko sana'a a kan alkawarin baki ba, musamman masu zuwa da zancen kai yaro waje a biya kuɗi. In wurin na ƙwarai ne ka sa musu albarka. Mafi yawan kofunan ƙasar nan ƙungiyoyin Yamai ke ɗauka, da yawansu kuma na soja ne, ko jandarma, ko kwastan, ko wani kamfani, masu albashi da motar tafiya. Ƙungiya daga nan sai ta yi tafiyar kusan kilomita 900 kafin ta buga wasa a babban birni. Duk da haka Espoir ta Damagaram ta ɗauki kofin ƙasa a 1984, shekara ɗaya bayan Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauka. Yaran da suka yi wannan ba daga sama suka faɗo ba, a irin filinka wani ya fara tsayar da su.

In kana son ka ga yadda wannan daɗi yake a fuskar mutum, nemi hoton daren da Zambiya ta ci Kodebuwa a wasan ƙarshe na 2012 a Libreville, garin da jirgin ƴan wasan Zambiya ya faɗa teku kusa da shi a 1993. An tashi babu ci, Didier Drogba ya zubar da fenariti, aka je bugun raba gardama Zambiya ta ci 8-7. Joseph Musonda, ɗan wasan Zambiya, ya ji rauni tun farkon wasa, ba ya iya takawa. Da aka gama, mai horar da su, Hervé Renard, ya sungume shi ya kai shi tsakiyar ƴan uwansa, ya ajiye shi ya ja da baya. Duk wanda ya taɓa riƙe yara ya gane abin da ya sa ya ja da baya.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Ka tara yaran, ku yanke lokacin atisaye da ba ya cin karo da gona da salla, ku sa doka ɗaya da ba ta da togiya: wanda bai zo atisaye ba ba ya fara wasa, ko shi ne gwanin unguwa. Za a gwada ka a kan wannan doka tun wasan farko, kuma yadda ka tsaya a ranar shi zai nuna ko kana da ƙungiya. Ku yi karo-karo ku sayi ƙwallo biyu ko uku da famfo, da jarkar ruwa, da bandeji. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta wanda ya zo, abin da aka koya, da yadda aka ci ku a kowane wasa, daga kusurwa ne ko daga tsakiya ko kuskuren gola, domin bayan wasa huɗu littafin zai faɗa maka abin da za ka gyara. Sannan ka je ofishin hukumar ƙwallo ta jiha ka tambayi lokacin da FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, za ta buɗe horon lasisin D na masu horaswa, ka sa sunanka.